Busar Mama a Rediyo

"Wa ya ba ki?"

Ko sallama ban yi ba. Ƙofar ɗakin gwajin kiɗan na tura na tsaya a kanta. Tana zaune gaban fiyano, hannunta na hagu yana yawo a kan maɓallai kamar kullum. Saboda hannun nan ake ce mata Bahaguwa, har sunan ya danne na yanka.

"Auta... zauna mana."

"Na ce wa ya ba ki?!"

Ta ɗauke hannu daga fiyanon, ta dube ni ido cikin ido.

"Kai."

Tun daga gida nake jera maganganu a hanya. Kalma ɗaya ta zubar mini da su duka.

Babana mai busa ƙaho ne, irin na ƙarfe mai maɓalli uku. Shekara talatin ya yi yana busa jaz a manyan otal-otal, zamanin da mutum goma sha biyar ke hawa dandamali tare. Yanzu shagon gyaran kayan busa gare mu, ni da shi. Ni ban iya busa ba. Gyara na iya, shi ma da karambani na koya.

A shekarar da ya auri Mama ya tsara mata wata busa. Ba ta da suna, ba a rubuta ta ba, bai taɓa hawa dandamali da ita ba. A falo yake yin ta, Mama na ninke kaya. Mu yara "busar Mama" muke ce mata. Ranar da muka dawo daga binne Mama, shekara tara ke nan, ya goge ƙahon ya rufe a akwati, ya kira ni da Yaya.

"Busar nan ba ta fita gidan nan. Kun ji?"

Muka ce mun ji.

Ni na fitar da ita. Wata Laraba ruwan sama ya tsare Bahaguwa a shagonmu, Baba ba ya nan. Ta ce, "Kullum sai ka ce ni ce rabin ranka. To ba ni abin da ba ka taɓa ba kowa ba." Na yi dariya, na leƙa ƙofa, sannan na yi mata busar da fito, a hankali. Ta sa na maimaita. Da na gama idonta ya ciko. Na ce ta rantse tsakaninmu ne.

Ta rantse.

Jiya Lahadi da la'asar, kamar kowane mako, Baba ya kunna shirin jaz na rediyo a shago. Ba ya iya saurare baki rufe, sai ya yi wa kowane kiɗa sharhi.

"Ka ji suwin, kiɗan masu mutunci. Ka ji yadda yake lilo? Ko mai ciwon baya ya ji sai ya motsa."

Aka sa wani mai sauri.

"Ga 'yan bibob nan. Kamar an biyo su da sanda! Kowa gudu, ba wanda ya san inda za shi."

Aka sa wani mai taushi.

"Wannan kuma mai sanyin ne. Busa suke kamar suna tsoron ta da jariri. Amma buluz, Auta, shi ne uwarsu duka. Wanda bai taɓa yin rashi ba kada ya taɓa shi."

Sai mai gabatarwa ya ce ga sabon kiɗa daga wata ƙungiya ta mutum uku, wanda mai fiyanonsu ta tsara da kanta. Ya faɗi sunanta.

Baba ya washe baki. "Surukata ce! Ƙara murya, ƙara!"

Da hannuna na ƙara.

Sautin farko huɗu suka ishe ni na gane busar Mama ce. Tsumman da Baba ke goge saksofon da shi ya tsaya cak. Ta fara a hankali, yadda na yi mata fiton. Zagaye na biyu mai ganga da mai kaɗa bas, babbar garayar nan ta Turawa, suka shigo, ta kwashe busar da gudu, ta juya ta, ta murɗe ta, ta sake dawo da ita. Baba bai motsa ba har aka gama. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Idan ka gama ka rufe shagon."

Abin da ya ce ke nan. Ranar Asabar mai zuwa kuwa aka sa zai je wajen iyayenta nema mini aurenta.

Shi ya sa na wayi gari a ɗakin gwajinta.

"Kin rantse," na ce. Muryata ta riga ta karye.

"Na rantse. Ban musa ba." Ta miƙe. "Amma ka saurare ni, don Allah, masoyi..."

"Kar ki kira ni haka!"

"Mai shirin ya ce mun iya kiɗa amma duk na mutane ne. Ya ce mu kawo namu ko ya ba wasu lokacin. Mako uku ina zaune a nan, Auta. Duk abin da na taɓa, ita ke fitowa. Ta shiga hannuna, ta ƙi fita!"

"Sai kika ce taki ce."

"Da na ce ta wa? Ta Babanka? A rediyo? Da na tona maka asiri a gaban duniya. Na ɗauka a kaina don in rufa maka."

Na yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ashe taimako na kika yi. Na gode."

"Kai ma ka san jaz. Haka ake yi! Kowa tsohuwar busa yake ɗauka ya yi mata sabuwar riga. Babanka shekara talatin yana busa na wasu, wa ya ce masa ɓarawo?"

"Waɗancan masu su ne suka fitar da su kasuwa."

"Wannan fa? Ta mutu a akwati tare da ƙahon? Abu mai kyau haka, mutum uku kacal a duniya suka san shi... wannan ba laifi ba ne?"

Na juya na fita. Ina jin tana kira na har na sauka daga bene.

Kwana biyu Baba bai yi mini maganar ba. Yana gaishe ni, yana miƙo mini sukurudireba, yana shan shayinsa. Yaya ce ta zo daga gidanta ta tsare ni a bayan shago.

"Kai dai Auta Allah ya shirye ka. Mace ta yi maka fari da ido sai ka kwashi kayan gida ka miƙa? Da ta ce ka kawo ƙofar falo ma da ka ɓalle mata!"

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Tsohon nan ba ya cin abinci, ka sani?"

Ran Laraba da safe ina kwance wani ƙaho da maɓallinsa ya maƙale, na ajiye shi na durƙusa a gaban Baba.

"Ni ne, Baba. Ni na yi mata fiton."

"Na sani. Yayarka ko fito ba ta iya ba."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Yi mini fiton."

"Baba..."

"Yi."

Na fara. Da na kai tsakiya, inda busar ke yankewa kaɗan kafin ta ci gaba, ya ɗaga hannu.

"Nan. Me ke nan?"

"Inda kake jan numfashi."

"Numfashi?" Ya yi ɗan murmushi. "Ni da nake riƙe sauti ɗaya har mai ganga ya gaji? A jaz idan ka yi kira sai ka bar wa wani wurin amshi. Wurin nan na uwarka ne. Ni in busa, in yi shiru, ita ta amsa. Wani lokaci da guɗa ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta ce 'ka cika surutu'. Kuna yara, ba ku lura ba."



"Yarinyar nan ta cike wurin," ya ce. "Ta zuba masa sauti goma sha biyu, masu kyau kuwa. Duk gari ya ji. Ban ji haushin ta ce tata ce ba, Auta. Suna ba ya damu na. Amma na kasa kunne in ji shirun uwarka, sai na ji yatsun wata a ciki."

Hawaye suka zubo mini a kan siminti.

"Ita ba ta sani ba, Baba."

"Ba ta sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Amma ni ba ita na ba amana ba." Ya mayar da tabaraunsa. "Asabar na yi alkawari, zan je. Ba zan hana ka mata saboda busa ba. Kai za ka zauna da ita, kai ka san abin da za ka iya sake faɗa mata a kunne."

Da hantsi ranar Alhamis na koma ɗakin gwajin. Ta rame a kwana uku. Na zauna a gefenta kan bencin fiyanon, na faɗa mata komai, har da "ka cika surutu". Ta rufe fuska da tafuka tana kuka, kafaɗunta na rawa.

"Wayyo Allah... ban sani ba. Wallahi ban sani ba!"

"Na san ba ki sani ba, zuciyata."

Ban yi niyyar kiran ta haka ba. Bakina ne ya saba.

"Zan je in durƙusa masa. Yau ɗin nan."

"Ba sai kin je ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kar ki sake kaɗa ta. An ji sau ɗaya, a bar shi a haka."

Ta sauke hannayenta a hankali. Ta kalli maɓallan, ba ni ba.

"Gobe za mu naɗi faifai."

"Faifai?"

"Bayan shirin wani kamfanin faifai ya kira mu. Saboda ita suke son mu, Auta. Ita suka ce."

"Kin sani tun ranar Litinin?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ina tsoro." Ta kamo hannuna. "Zan bar wurin! Zan bar shi shiru, yadda yake, ko yatsa ba zan sa ba. Zan rubuta sunan Baba a jikin faifan. Zan rubuta na Mama!"

"Bai ce a rubuta sunansa ba. Cewa ya yi ba ta fita."

"Ta riga ta fita!"

"To ki bar ta ta koma."

"Mai ganga shekara goma sha ɗaya yana jiran rana irin ta gobe. Mai bas ya bar aikinsa saboda ƙungiyar nan. In ce musu me? Ni ma amanarsu ce a wuyana!"

Gaskiya ta faɗa. Na duba ta kowane gefe a raina ban ga inda ta yi ƙarya ba. Ban kuma ga inda na yi kuskuren roƙo ba. Muka zauna a benci ɗaya, hannunta a kan nawa.

"Idan na ce ni ko ita fa?"

"Kar ka ce haka... don girman Allah kar ka ce."

"Na ce."

Na ji yatsunta suna sassautawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina son ka, Auta. Ban taɓa son kowa haka ba." Ta haɗiye kuka. "Amma gobe zan je."

Ta je.

Ranar Asabar da safe na tarar da Baba a falo ya shirya tsaf. Ya sa rigarsa ta fita kunya, ya goge takalma har suna ƙyalli, ya ɗaura agogon da ba ya ɗaurawa sai da dalili. Yaya na tsaye bakin ƙofa da jakarta.

"Mu tafi, ango?" ya ce.

"Ba za mu je ba, Baba."

Yaya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Saboda ni?"

"A'a."

"Idan saboda ni ne, tashi mu tafi. Na yafe muku ku biyun tun Laraba."

"Ba saboda kai ba ne. Na tambayi kaina me zan iya sake faɗa mata a kunne... ban samu ko ɗaya ba."

Ya daɗe yana kallo na. Sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa. Ƙullin ya ƙi kwancewa. Na durƙusa na karɓa ina kwance masa.

Sai na ji tafinsa a kaina.

"Yarinyar ta iya kiɗa, Auta," ya ce, muryarsa ta dishe. "Wallahi ta iya. Shekara talatin ban ji hannun hagu irin nata ba."

Na kifa goshina a gwiwarsa na fashe da kuka. Yaya ta ajiye jakarta, ta ja ƙofar ta rufe.