Mai Canja Batir da 'Yar Direban Bas

A hawan gadar asibiti suka fara haɗuwa. Keken lantarki na haya da ta hau ya mutu mata, tana turawa tana haki cikin fararen kayan jinya, sai ga mai canja wa kekunan batir ya tsaya.

"Malama, ai da kin duba shi kafin ki hau."

"Ku da kun yi aikinku, wa zai sa ni dubawa?"

Ya yi dariya, ya sa mata sabon batir. Tun ranar yake ce mata Uwar Sauri, ita kuma ta laƙaba masa Batir. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Uwar Sauri, keken ƙarshen layi a cike yake da caji. Naki ne."

To, ashe babanta direban bas ne. Da hukumar gari ta ware wa kekuna titinsu, aka soke bas ɗin unguwar, bawan Allah ya koma zaman gida. Da iyayen Batir suka je masa da maganar aure, ko murya bai ɗaga ba.

"Sun karɓe min hanya, yanzu kuma 'yata suke so? A'a."

Ta tura saƙo tana hawaye: "Batir, ka daina ajiye min keke. Ba zan iya saɓa wa Baba ba."

Ana nan ciwon ƙoda ya kama tsohon. Asibiti da nisa, ba bas, wa kuma zai ɗora majinyaci a keke? Wata rana saurayin ya hango su a bakin titi, tana tallafe da uban, yana tafiya yana hutawa.

Da hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a, kamfanin kekunan ya tura ma'aikatansa su yabi tsarin. Batir ya miƙe cikin rigar aiki.

"Keken nan yana da amfani, ni shaida ne. Amma tsofaffi da marasa lafiya fa? A dawo musu da bas."

Washegari aka karɓe rigar, aka sallame shi.

Da tsohon ya ji labari, ya sa aka kira shi.

"Kai ma sun zaunar da kai?"

"Eh, Baba."

"Matso kusa, na fi ka sanin zaman." Ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. "Na ba ka ita, ɗana. Ka riƙe min amana."

Bas bai dawo ba. Baba ma rai ya yi halinsa, bai ga ɗaurin auren ba, ƙaninsa ne ya tsaya a madadinsa. Amarya ta yi ta kuka, ango ya zauna gefenta, bai ce ta yi shiru ba.

Allah ya jiƙan Baba, su kuma ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.