Agogo Biyu a Bangon Shago

Ranar da Auta ta fara shiga shagonsa, rungume take da kwamfutarta kamar mai ɗauke da jariri mara lafiya. Injiniya, haka unguwa ke kiransa ko da yake bai taɓa taka jami'a ba, ya ɗago kai ya dube ta, nan take ya manta wayar da yake gyarawa.

"Don Allah ka ceto ta," ta ce. "Gurbin karatun kimiyyar kwamfuta nake nema a ƙasar waje, komai nawa yana ciki."

Ya ceto ta kuwa. Daga nan bencin shagon ya zama ofishinta, don intanet ɗinsa ya fi na gidansu ƙarfi. Tun ana "sannu da aiki" har aka kai ga "Zumata, kin ci abinci?"

Da zancen aure ya taso, Abbanta ya ce sam, ba mai ɗaure wa 'yarsa ƙafa a shagon gyara tana shirin tafiya karatu.

Sai dai ba Abba ne ke cin ran Injiniya ba. Farfesa ne, yayan ƙawarta, ɗalibi a jami'ar da take nema, mai koya mata amsa tambayoyi ta bidiyo. Injiniya bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko sunansa ba ya son ji. Kullum Farfesa ya ce baƙi kaɗan ake ɗauka, Farfesa ya ce aikinta ya yi kyau. Kishi ya ci shi har ya fara ƙona wayoyin mutane.

Rannan ta turo saƙo: "Injiniyana, gobe jami'ar za ta gana da ni, ƙarfe huɗu agogonsu. Ka yi min addu'a, ka lallaɓa min intanet ɗinka."

Huɗun kawai ya riƙe.

Washegari da hantsi ya dawo daga sayen kaya, ya tarar ta ci kwalliya, tana ta murmushi ga wani mai tabarau a allo. Har da dariya! Zuciyarsa ta tafasa. Ganawa sai la'asar, wato duk wannan adon na Farfesa ne? Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare wayar intanet.

"Wayyo, ta yanke!" Auta ta zabura. "Ina tsakiyar ba su amsa!"

"Su wa? Ai sai ƙarfe huɗu."

"Agogonsu na ce maka! Yanzu ne huɗunsu!"

Sai idonta ya sauka kan wayar da ke hannunsa. Ta naɗe kayanta ta fita tana hawaye.

Ya rubuta mata: "Zumata, ba ni da hujja. Kishi ne, kuma na cuce ki." 

Haka ya haɗiye girman kai, ya karɓi lambar Farfesa a wajen ƙawar, ya kira yana roƙo. Ta cikin wayar yana jin kukan jariri, da muryar mace tana rarrashi.

"Au, kai ne Injiniyan da ta ishe ni da zancensa?" in ji Farfesa. "Malam, ka tafka ta. Sai ta nemi su sake sa mata rana, akan yi hakan in layi ya katse. Amma ban yi maka alkawari ba."

Daga nan ya wuce wajen Abba, ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Abba ya dube shi kawai ya shige gida.

Allah ya taimaka aka sake sa rana. Injiniya ya kwaso na'urar intanet da batir ya haɗa mata a falonsu, ya koma ƙofar gida ya tsaya cikin rana har aka gama. Abba yana kallonsa ta taga.

Da sakamako ya fito, saƙonta ne ya fara shigowa: "Sun ɗauke ni. Na yafe maka, sarkin kishi. Abba na kiranka."

"Na ga wautarka, na kuma ga gaskiyarka," in ji Abba. "Na ba ka ita, amma karatunta ba fashi. Allah ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure kafin ta tashi.

Yanzu agogo biyu ne a bangon shagon. Duk wanda ya ce masa na daman nan ya lalace, sai Injiniya ya yi murmushi.

"Kar ka taɓa shi. Na matata ne, da shi nake aiki."