Amarya Marar Hawaye

Lubabatu na durƙushe a kan tabarma, ta kifa fuskarta saman madubi, sai Inna ta ɗaga labule ta shigo. Yarinyar ba ta ɗago ba, don aikin da take yi ba ya son motsi. Lens take sakawa, wani ɗan ƙoƙon gilashi da ake cikawa da ruwan asibiti a kifa a kan ido. Bakinsa yana zama a kan farin idon, baƙin idon kuwa ya wuni a cikin ruwa. Ta buɗe fatar idon da yatsu, ta manna shi da 'yar robar riƙewa, ta ƙifta, komai ya fito mata tar.

"Gama ki ji," in ji Inna. "Hajiya Hansatu ta aiko daga Rurum Tsohon Gari. Ta ce a dakata da kawo lefe."

Lubabatu ta ɗago. Hajiya Hansatu ita ce mahaifiyar Uzairu, saurayin da aka sa musu rana.

"Me na yi, Inna?"

"Wai ranar rasuwar Malam kowa ya yi kuka ban da ke. Ta ce idonki ƙyal-ƙyal kamar kin zo biki."

Malam Sallau, mahaifin Uzairu, shi ya koya wa Lubabatu karatu tun daga allo har ta yi sauka, kuma shi da bakinsa ya nema wa ɗansa aurenta. Rasuwarsa ta girgiza ta ƙwarai. Sai dai Lubabatu ba ta da hawaye. Tun tana sakandare ta sha wani magani da jikinta bai karɓa ba, fatarta ta saɓule, ta daɗe a gadon asibiti. Jiki ya warke, idanu suka bushe ƙayau, ko albasa ta yanka ba ɗigo. Haske ya zame mata azaba, tabarau bai yi komai ba, sai da wata likitar ido a Kano ta auna mata wannan lens ɗin sannan ta koma mutum. Inna kuwa ta hana a faɗa wa kowa, don ta san matan garinsu Kibiya. In ka ce musu ciwon ido da safe, kafin azahar sun makantar da kai sun ba ka sanda.

Da la'asar Uzairu ya kafe babur a ƙofar gida, suka zauna a zaure. Ya rame, kuma ba rashin uba ne kaɗai ya ramar da shi ba.

"Luba, na yi miki alkawari ba zan faɗi maganar idonki ba, kuma ban faɗa ba. Amma Hajiya ta ce mai busasshiyar zuciya ba za ta shigo mata gida ba. Ba zan ɗaga mata murya tana cikin takaba ba, ke kuma ba zan iya rabuwa da ke ba. Ki ba ni izini in yi mata bayani."

"In kai ka faɗa, cewa za ta yi so ne ya rufe maka ido," in ji ta. "Ni zan je."

Da Inna ta ji, sai ta yi tsalle ta dire. "Ki kai kanki gidan surukai ki tona wa kanki asiri? In suka ce ba sa son mai lalura fa?"

"To gara su ƙi ni a kan gaskiya, Inna. Yanzu a kan abin da ban yi ba suke ƙina."

Washegari da hantsi Gwaggo Ramlat, ƙanwar babanta, ta raka ta. Suka tarar da Hajiya a ɗaki a kan darduma da carbi a hannu. Ta amsa gaisuwar Gwaggo da kyau, ta Lubabatu kuwa da ƙyar.

"Ba ɓoye-ɓoye," in ji Hajiya. "Mutumin nan ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa. Na zuba miki ido ranar, ko jan ido ban gani ba."

Lubabatu ta ce, "Hajiya, a taimaka mini da ruwa da sabulu."

Aka kawo. Ta wanke hannu tas, ta ajiye madubinta a ƙasa, ta sunkuya, ta ɗora robar a ƙasan idon ta ja a hankali. Ɗan ƙoƙon ya fito, ruwan cikinsa ya gangaro kumatunta. Hajiya ta yi baya tana salati, ta ɗauka ƙwayar idon ce ta fito.

Ba a jima ba idon ya fara kaɗawa ya yi ja, Lubabatu ta kare shi da tafin hannu daga hasken ƙofa. Ta ba da labarin ciwon tun daga farko, ba ta rage komai ba.

"Ruwan da kika ga ya zubo, daga kwalba yake, Hajiya. Shi kaɗai nake da shi. Ranar rasuwar Malam na yi kuka har muryata ta dishe, amma idon bai taya ni ba."

Hajiya ta tambaya a hankali, "Malam ya sani?"

"Ban taɓa faɗa masa ba. Shi ya lura da kansa. Ya tashe ni daga bakin ƙofa ya mayar da ni inuwa, kuma in iska ta kaɗo hayaƙin girki sai ya ce in koma gefe."

Carbin ya suɓuce daga hannun Hajiya. Ta tuna yadda Malam, yana kwance ba lafiya, ya yi ta nanata mata cewa kada a bari amaryar Uzairu ta yi girki da itace, a nema mata gas. A lokacin haushi ta ji, ta ce a ranta ita da ta shekara da shekaru tana hura murhu ba a taɓa tausaya mata ba. Ashe wasiyya yake bar mata, ita kuwa tana neman korar yarinyar.

Sai ta fashe da kuka. Lubabatu ma kafaɗunta suka hau rawa, tana shessheƙa, fuskarta a bushe. Wannan karon Hajiya ta gani.

"Mayar da abinki, 'yata, kar idon ya ji ciwo. Kawo in riƙe miki madubin."

Bayan Hajiya ta fita takaba aka kai lefe, da tukunyar gas a gaban kayan. Ranar da aka kai amarya, wata daga dangin ango ta ɗaga mayafin ta leƙa ta ce, "Ikon Allah, amarya ba ko ƙwalla?"

Hajiya ta janye hannun matar. "Ku bar mini 'ya. Nata kukan ni na yi mata tun tuni."

Inna na can gida tana jin kunyar ɓoyon da ta yi, wanda ya kusa raba 'yarta da mijinta. Lalura ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne ke jawo zato. Wanda kuma zai yanke wa mutum hukunci da abin da ya gani a fuskarsa, ya fara tambayarsa tukuna. Haƙurin Uzairu da gaskiyar Lubabatu su suka kai su ɗaki ɗaya, kuma har yau in za a je Kano duba idon, Hajiya ce ke riga kowa ɗaukar mayafi.