Wanda Ya Jiƙa Turmin Saude

Saude ta dawo daga asibitin Anka da la'asar, 'yarta Khairat goye a bayanta, ta tarar da turminta a jiƙe.

Turmin turare ne. A cikinsa take dakan kajiji da sandal da farce, ta haɗa turaren maza, mijinta Sa'idu ya kai kasuwar Gummi. Ba a sa masa ruwa, don ruwa na kashe ƙamshin da icen ya sha. Ta zura yatsa cikin tsagar gindinsa, ta lakato laka mai ruwan toka. Ta san ta sarai. Garin dutsen zinariya ne, irin wanda dalmarsa ta sa Khairat jijjiga bara, har hakimi ya hana dakansa a gidajen Bagega.

Ta sauke yarinyar a ɗaki, ta ja ƙofa, sannan ta fara tambaya.

Sa'idu ta fara tara, shigowarsa ke nan da jakar kwalabe.

"Tun asuba nike Gummi, tambayi Zayyanu direba," ya ce. "Kuma ni ka jiƙa turmin da ka ciyar da mu?"

Ta yarda. Ko da shi ne, da tsumma zai goge, ya san ƙa'ida.

Sai Makau, ƙanen Sa'idu, mai haƙa a ramin zinariya. Yana zaure yana cin rake.

"Miƙo hannunka," ta ce.

"Matar yaya, yau kuma sunsunar mutane aka koma?"

Ta sunsuna tafinsa. Fetur da rake, ba wani abu.

"Mu inji muka kai ma dutse, can daji," ya ce. "Ina ni ina taɓarya?"

Ta sake shi. Tana komawa ciki sai ga Gwaggo Atine, maƙwabciyarsu mai fura, wadda Saude ke bar wa tsaron gida duk ranar asibiti. Ta kawo wa Khairat dunƙulen fura kamar kullum.

"Gwaggo, wa ya shigo bayana?"

"Kowa ban gani ba, ɗiyata. Ya jikin 'yar?"

Saude ta karɓi furar, ta ɓara dunƙule ɗaya, ta kai hanci. Ƙarƙashin citta da kanumfari akwai wani wari mai nauyi. Ta ɗora kwanon bisa katanga, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

"Jiya ni shafe taɓaryata da ɗanyar jibda," ta ce, "man nan da aka kankarowa jikin tunku, wanda ka riƙe ƙamshin turare. Ɗanyarta wari gare ta, kuma sabulu ba ya fidda ta a wuni guda. Duk wanda ya riƙe taɓaryar yau, tana hannunshi. Makau bai da ita. Ke kika dunƙula wagga fura, Gwaggo."

Atine ta zauna a bakin rijiya.

"Wani baƙo ya ba ni aikin dutse kaɗan. Gidanki kullum daka akai, ba mai tambaya. Kuma turmina na fura ne, ban so in ɓata shi. Na wanke miki naki tas."

"Wankin shi ya tona ki. Kin tsare turminki, hannunki fa? Inda jibda ta kai, dalma na iya kaiwa."

Atine ta dubi tafukanta.

"Ki rufa mini asiri, Saude. In hakimi ya ji..."

"Za shi ji. Turmin ma sai an binne shi bayan gari, a share tsakar gidan ga kafin Khairat ta taka. Amma wannan na iya jira. Gidan wa da wa kika kai fura yau?"

Atine ta fara faɗi. Duk gidajen akwai yara.

Saude ta ce wa Sa'idu ya tsare ƙofar ɗakin, ta yafa mayafi, ta ɗauki babbar roba.

"Tashi, Gwaggo, ke za ki shige gaba. Mu karɓo ta kafin a dama."