Ƙofar Ƙarfe a Shagon Harm

Jini na zuba daga kumatun Sjoerd ya shigo shagon kayan aiki na Harm da ke birnin Groningen, ya dangwarar da karyayyen bakin injin huda a kan teburin shagon.

Femke, 'yar mai shagon, ta juya guntun ƙarfen, ta dube shi.

"Bakin katako ka kafa wa kankare? Malam Gaggawa, ka gode Allah da idonka ya tsira."

Ta miƙa masa auduga, ta jera masa baki uku. "Mai tsini a tsakiya na katako ne. Mai faffaɗan kai na bango. Wannan na ƙarfe, sai a hankali, kana ɗiga masa mai."

Bai ji rabi ba, idanunta yake kallo.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, ɗalibinki daƙiƙi ne. Gobe ma zan dawo darasi."

Ta amsa: "Ka zo da fuskarka a haɗe, Gaggawana."

Wata uku suna haka kafin Harm ya gano. Ya daki tebur da hannu. "Wanda ya yi zaman kurkuku saboda dambe? Ba a gidana ba! Ga Wietse, ɗan kwangila mai mutunci."

Wietse kuwa ya tare Sjoerd a wurin gini, ya narka masa rodi a haƙarƙari har biyu suka karye. Sjoerd ya dunƙule hannu, ya tuna alkawarin daina dambe da ya yi wa Femke, ya saki hannun. Da Harm ya ji labari, ya ce sharri ake yi wa Wietse.

Ranar Asabar da hantsi Wietse ya zo shago da zobe. Femke ta ce ba ta so. Ya finciko gashinta, ya buga mata kai da tebur. Harm ya taso, sai Wietse ya sauke masa ƙotar guduma a goshi. Ya jawo su ɗakin ajiya, ya kulle ƙofar ƙarfen, ya tafi da mabuɗin.

Femke ta kira motar asibiti, sannan ta rubuta wa Sjoerd: "Zo shago. Baba na zubar da jini. An kulle mu."

Sjoerd ya riga kowa isowa, ƙirjinsa a ɗaure. Ya kafa injin a makullin, ya danna da dukan ƙarfinsa. Bakin ya yi ja, ya karye.

"A hankali!" Femke ta yi ihu daga ciki. "Ɗauko ƙaramin baki tukuna, ka sa mai!"

Ya cije leɓe, ya bi maganarta. Kowace girgiza sai ya ji kamar ana soka masa wuƙa. Ya huda da ƙarami, ya bi da babba, makullin ya zube. Ya saɓi Harm a kafaɗa har bakin titi, sannan shi ma ya yanke jiki ya faɗi.

'Yan sanda suka kama Wietse a hanyar garin Assen.

A asibiti gadajen Harm da Sjoerd na jere. A kwana na uku Harm ya juyo wajensa.

"Kai, yaro. Kana da kwat ta kirki?"

"Babu, Baba."

"To ka nemo. Ba za ka tsaya kusa da 'yata da wannan tsumman ba."

A watan Mayu aka ɗaura auren a zauren gari. Harm ya haɗa hannuwansu.

"Na yi kuskure a kanka, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba gidanku da tashin hankali."