Kundin Da Ya Ɓata Bai Fita Ƙofa Ba

Auta na tsugune a tsakar gida tana wanke kofuna, kunnenta kuwa yana falo, inda Abba ke magana da muryar nan tasa da ba a yi wa gardama.

"Na ce a dakata! A gaya wa manyan yaron nan kada su zo ranar Asabar. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda ake zargi da sata ba."

"Ai dama ni hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba," in ji Umma. "Shiru-shirun nan nasa ya yi yawa."

Auta ta leƙa ta taga. Yaya na zaune kusa da su yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Hawaye suka zubo mata, domin duk gidan su biyu ne kaɗai suka san Dogo bai saci komai ba.

Dogo ma'aikaci ne a laburaren jami'arsu, shi ke kula da ɗakin da ake adana tsofaffin mujallu. Dokar ɗakin ba ta da wuya: ka miƙa katinka a ba ka kundi, ka karanta awa biyu a nan ciki, ka mayar hannu da hannu, a duba, sannan a ba ka katinka. A wurin miƙa katin nan suka saba da Auta, har magana ta kai gaban manya.

Shi kuwa Yaya digiri na biyu yake yi. Malaminsu ya tura su, su tara, ga wani tsohon kundin mujalla, kwafi ɗaya tak. Babu shi a intanet, ba a kuma yarda a yi masa fotokwafi ba saboda takardunsa sun tsufa. Mutum tara, kundi ɗaya, ga lokaci yana ƙurewa! Rannan Yaya ya tare ta a ƙofar kicin.

"Filis Auta, taimako za ki yi mini. Ki karɓo shi da katinki, ki haura da shi sama ki cusa a cikin littattafan likitan dabbobi, ba mai zuwa wajen."

"Yaya, wannan ai sata ce!"

"Wace irin sata? Kin fita da shi ƙofa ne? Kowa ma yana yi. Mutumin naki ba zai bincike ki ba. Ko kin fi son in faɗi, bayan duk wahalar da Abba ya sha a kaina?"

Da wannan ya shawo kanta. Washegari ta rufe kundin da mayafinta, ta ce wa Dogo ta ajiye a kan keken da ake tara littattafai. Ya yi mata murmushi, ya rubuta an dawo da shi, ya sa hannu, ya miƙo mata katinta. Bai ko juya ya duba ba. Ita kuwa ta haura hawa na uku ta cusa shi inda Yaya ya ce.

Kwana huɗu sauran ɗaliban suna nema, har suka kai ƙara wurin shugabar laburare. Aka buɗe rajista, aka ga sa hannun Dogo. Aka tambaye shi wa ya karɓi kundin a ƙarshe, ya ce wadda ta karɓa ba ta da laifi, shi ne bai duba ba. Aka dakatar da shi daga aiki, aka ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis, in kundi bai fito ba, kora ce.

Tun ranar da ta ji labari Auta ta ruga hawa na uku don ta ɗauko shi. Ta taɓa nan, ta taɓa can, wayam! Yaya ya riga ya sake masa wuri.

Yau da ta ji hukuncin Abba, sai ta bi Yaya har ɗakinsa ta turo ƙofa.

"Don girman Allah ka gaya mini inda yake. Ni zan mayar, ba zan ambaci sunanka ba."

"Saura mini babi ɗaya, ki bari in gama difens, in kare bincikena a gaban malamai tukuna. Sati uku ne fa kawai."

"Jibi za a kore shi, Yaya!"

"To sai me? Aiki ne, zai sami wani. Amma kika buɗe baki, ni da ke duka za a kora daga makaranta, don da katinki aka ɗauka. Sai ki zaɓa, ɗan'uwanki ko saurayi."

Ta fito. Gaba kura, baya sayaki. Ta shiga wurin Umma da niyyar faɗa mata, ta tarar tana guge rigar da Yaya zai sa ranar difens, tana sa masa albarka. Sai ta fasa, ta juya ta fita.

Ranar Laraba ta shiga laburare kamar mara lafiya. A hawa na biyu ta hango shi. Ya roƙi shugabar ta bar shi ya nema, ga shi nan a kan ɗan tsani yana bin littattafai da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana karanta lambar da ke bayan kowanne. Ƙura ta yi masa fari a gira da gemu. Sati guda ke nan yana haka, bai ko gama hawa biyu cikin huɗu ba.

"Sannu," ta ce.

"Yauwa Auta. Kin rame."

"Kana ganin za ka same shi?"

"Yana cikin ginin nan, mai gadi ba ya barin littafi ya fita. Amma a aikinmu, littafin da aka ajiye ba a wurinsa ba, shi da wanda ya ƙone duk ɗaya ne."

Ta sunkuyar da kai. "Me ya sa ba ka taɓa tambayata ba?"

Ya mayar da idonsa kan kantar littattafan. "Ina tsoron ki sake gaya mini abin da ba haka ba. Na farkon na iya ɗauka, na biyu ba zan iya ba."

Ashe ya sani! Tun ranar farko ya sani, ya rufa mata asiri da aikinsa da mutuncinsa. Auta ba ta san lokacin da ta sauko daga benen ba. Kai tsaye gida ta nufa, ta sami Abba ya dawo daga sallar la'asar, ta zube a gabansa ta faɗi komai, ba ta rage nata laifin ba ko kaɗan.

Umma ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe yayanki, Auta!"

"Rufe mini baki!" Abba ya daka tsawa. "Ɗan wani ake kashewa sati guda, muna zaune muna taya su da baki. Kira mini shi!"

Ranar Alhamis da safe Abba ya tasa su gaba har laburare. Yaya, kansa a ƙasa, ya kai shugabar hawa na huɗu, ya zaro kundin daga bayan wasu manyan taswirori. Hukunci bai zo da sauƙi ba. An ɗage difens ɗin Yaya zuwa baɗi, an karɓe katin Auta na zango guda, Dogo kuma an mayar da shi aikinsa da takardar gargaɗi.

A bakin matakala Abba ya kama hannun Dogo da hannu biyu.

"Ɗana, na zage ka ban bincika ba, ka yafe mini. Yarinyar nan ta cuce ka. In ka ce ka fasa, ba mai ganin laifinka."

Auta ta runtse ido.

"Abba, kuskure ta yi," in ji Dogo. "Amma da ta yi shiru, ba wanda zai taɓa sani daga bakina. Ta zaɓi ta tona kanta. Ban fasa ba."

Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta kwana bakwai tana haɗiyewa.

Yaya ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta, wannan kuwa ya ci mata rai ƙwarai. Amma ranar ɗaurin aure shi ya fi kowa zirga-zirga, ya kuma nemi gafarar angon a gaban mutane.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. 'Yan'uwana matasa, son ɗan'uwa wajibi ne, amma duk wanda ya ce sai kin cuci mai ƙaunarki za ki nuna zumunci, ki ce masa a'a tun a ƙofar kicin, kafin wanda bai ji ba bai gani ba ya biya da mutuncinsa.