Takalmin Hagu na Marigayi Hudak

Rana ta take, kwalta sai huci take yi, ga Tessa Hudak an jingine ta da sandar danja a kan tsohon bargo kamar buhun da aka sauke aka manta! Marainiya ce 'yar shekara sha uku. Ciwon nan mai cinye ƙarfin tsoka ya riga ya ƙwace mata ƙafafu, yanzu ya fara lallaɓo hannuwa. A cinyarta akwai dogon takalmin mahaifinta na hagu mai ƙonanniyar dunduniya, wanda ke ƙafarsa ranar da rufin masaƙa ya rufto masa yana kashe gobara.

A nan Pennsylvania, kowane ƙarshen bazara 'yan kwana-kwana kan tsaya a mararraba da takalmi a hannu, direbobi su jefa abin da ya sawwaƙa don masu irin ciwonta. Da haka suka saya mata keken guragu mai batir. A ofishinsu na garinmu kuwa, in mutum ya mutu a bakin aiki sai a raba takalmansa, ɗaya ga iyali, ɗaya ya zauna wurin abokai. Gwaggonta Darlene, yayar marigayin, wadda aka ba riƙon Tessa, da ta ga na hagun, abin ci ta gani. Ta kulle keken a ɗakin ƙasa, wai yarinya a ƙasa ta fi jan tausayi. Ta saka wa mijinta Vern, mutumin da ko kyandir bai taɓa kashewa ba, rigar aikin mamacin, suka kwashi Tessa zuwa garin gaba inda ba a san su ba. Ni dai ban taɓa ganin baƙin hali irin na matar nan ba.

Abin da ya fi cin ran yarinyar shi ne ƙaryar da aka kai wa abokan babanta. Darlene ta gaya wa Kyaftin Pavlik, wanda ya ɗauko gawar da hannunsa, cewa Tessa ta ragargaza keken da gangan, ta ce kada ta sake ganin waɗanda suka bar ubanta ya ƙone. Tun ran nan ba wanda ya leƙo, su ne kuwa kaɗai suka rage mata a duniya.

"Gwaggo, ƙishi nake ji… hannuna ya gaji."

"Ya gaji da me, gimbiya? Da zama? Ɗaga shi sama su gani! Ki yi kukan kuma da kyau, ba wannan na mage ba."

"Takalmin Baba ne, Gwaggo, ba don wannan…"

Darlene ta murɗe mata kunne har sai da ta yi ƙara. "Ki ƙara buɗe baki, gidan gajiyayyu zan kai ki, ki ruɓe can!" Vern ya tuntsire da dariya, ya kwankwaɗe sauran ruwan a gabanta. Takalmin ya suɓuce, ba ta da ƙarfin ɗaukowa. Ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a bargon. "Ya Ubangiji, kai ka gani… kada abokan Baba su mutu suna zaton na tsane su!"

Abin da Darlene ba ta sani ba, garin nan ba shi da isassun 'yan kwana-kwana, maƙwabta ke kawo musu gudummawa ranar tara sadaka. Jar mota ta tsaya, wani dattijo mai furfura ya sauko rungume da takalmi ɗaya. Ya karanta sunan da ke bayan rigar Vern, ya dubi abin da ke yashe a kwalta. Ya durƙusa a hankali, ya ajiye na hannunsa kusa da shi. Na dama da na hagu, ƙuna iri ɗaya!

"Tessa? 'Yata, ina kekenki?"

"Yana ɗakin ƙasa, Kawu Pavlik… ban fasa ba, wallahi ban fasa ba! Kullum ina leƙen taga ko za ku zo!"

Ƙaton mutumin nan ya fashe da kuka a tsakiyar titi. Darlene ta matso tana yaƙe. "Haba Kyaftin, ai taya ku muke yi…"

"Rufe mini baki, munafuka! Kai kuma tuɓe rigar nan, ta fi ƙarfinka!"

Vern ya tuɓe, ya nuna matarsa. "Ita ce ta tsara komai, ni ɗan rakiya ne!" Direbobin da suka jefa musu dala suka fito suna tofin tir, har 'yan sanda suka zo suka tasa ƙeyarsu. Daga baya alƙali ya raba su da riƙon yarinyar, ya aika su gidan yari, ba wanda ya ce musu sannu.

Da yammacin ranar da aka kama su aka fito da keken, ƙura ce kawai a jikinsa. Matar Pavlik ta gyara wa Tessa ɗaki a gidansu. Washegari suka koma mararrabar garinmu tara sadaka, sai dai hannunta ya kasa ɗaga takalmin, ta dubi dattijon da kunya. Ya ɗora mata duka biyun a cinya, ya dafa bayan keken.

"Ba sai kin ɗaga ba, 'yata. Riƙe kawai, mu muna nan."